Sabon Direban Jirgin Warra

Fasinja arba'in sun riga sun zauna lokacin da mai jirgin ya nuna wa sabon direban injin.

"Soja, ga amana. Ofishinku sun ce ka tuƙa jirgin ruwa a Laberiya."

"Na tuƙa, Alhaji," ya amsa, idonsa a kan bakin mutumin.

Wata goma sha ɗaya ke nan da sallamarsa. Wurare uku sun ƙi ɗaukarsa bayan gwajin likita. A ofishin nema wa tsofaffin sojoji aiki kuwa, jami'in tambayoyi kawai ya yi masa suna fuskantar juna, ya amsa daidai, aka turo shi Warra.

"Daji ruwan nan ya haɗiye da aka yi dam," in ji Alhaji. "Kututturai na nan ƙarƙashi kamar haƙora. Ga Baba masunci nan, shi zai zauna a goshin jirgi. In ya ce dama, ka yi dama. In ya ce hagu, kada ka tsaya tunani."

Tsohon masuncin ya yi dariya. "Kunnenka kawai nake so, ɗana. Ido ka bar mini."

Sojan ya ja igiyar injin. A tafin hannunsa ya ji injin ya tashi, domin tun ranar da bam ya fashe kusa da shi ya daina ji, da motsin leɓe yake gane magana.

Jirgi ya bar gaɓa, mata na gyara goyo. Tsohon ya tsallake buhunan gero, ya zauna a goshi, ya fuskanci ruwa, ya juya wa sojan ƙeya.