Layi Ɗaya Kowace Sallah

Tun da aka kawo na'urar nan ɗakin karatun garinmu, kowa ya je sai ta miƙo masa littafin da zai iya gamawa kafin ajalinsa.

Goggo Tasalla ta fito tana rangaɗa guɗa, da wani jibgege a ka kamar ƙunshin wanki.

"Yalwa, duba! Ni da nake haɗa baƙi da ƙyar, ai sai na goya tattaɓa-kunne! Ke wanne kika samu?"

Aminiyarta Yalwa ta yi dariya, ta cusa hannu cikin mayafi. Amma idon Tasalla ba ya kuskure: littafin Yalwa falle biyu ne kacal.

Ta dire nata a ƙasa.

"Miƙo nan, 'yar'uwa. Ni zan riƙa karanta miki, layi ɗaya kowace Sallah."