Biyu Bisa Ashirin

Kowace Juma'a Mista Albert, malamin Turanci, yakan zaro rubutun da ya fi muni a aji ya karanta da ƙarfi, yana lanƙwasa murya, ɗalibai na dariya. Kuma kowace Juma'a na Christiana ne.

Tun ranar da aka kawo shi makarantar garin Kwali ya sa mata ƙahon zuƙa. Ya kalle ta ya ce da ita 'yar mai tukwane, alhali ba ta taɓa gaya masa sana'ar uwarta ba. Shi kuwa cika baki kamar me. Ba ya ƙare darasi sai ya tuna musu gasar rubutun da ya ci yana ɗan sakandare, wadda ta kai shi jami'a kyauta.

To, bana ma an buɗe irin wannan gasa, gwamnati ce za ta ɗauki nauyin karatun wanda ya ci, ɗalibi ɗaya kowace makaranta za ta tura. Christiana ta san muddin Albert ne mai zaɓe, ita da jami'a sai dai kallo. Ta tsane shi, tsana mai tsanani.

Da ta kai kuka gida, uwarta Lantana ta tambayi sunan malamin da garinsu. Tana ji, tukunyar da take ginawa ta rufta a hannunta. Ta ce wa 'yar ta ɗauko takarda da biro.

Kwana uku Christiana na rubutu a tsakar gida, uwar na gefe tana murza yumɓu, tana faɗa 'yar na rubutawa.

Ranar zaɓen ɗan gasa shugabar makaranta, Madam Clara, ta zauna a bayan aji. Albert ya samu 'yan kallo, ai sai ya baje kolinsa. Ya ɗauko takardar Christiana, labarin ranar kasuwa a ƙauye, ya bi ta layi-layi yana yagalgalawa. Ya ce babu tsari, babu kan gado, warin hayaƙi kawai take yi. Ya zana biyu bisa ashirin da jan biro, ya ɗaga kowa ya gani.

"Wanda ya rubuta wannan shirme," in ji shi, "ya koma ya ci gaba da kwaɓa laka."

Christiana ta miƙe. Ta je ta ajiye wa Madam Clara wata tsohuwar mujallar makaranta da uwarta ta adana, ta yi ja don tsufa, ta buɗe mata wani shafi. Madam ta duba shafin, ta karɓi takardar, ta dube ta ita ma. Kalma da kalma, babu bambanci. A saman shafin ga sunan Albert, ga lambar yabo ta ɗaya.

Idanun 'yan aji duka suka koma kan Albert. Madam ta tambaye shi yadda aka yi mutum ya kasa gane rubutun da ya kai shi jami'a. Gumi ya karyo masa.

Ina zai gane shi? Bai taɓa karanta shi ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce shi ne monita mai tattara takardun gasa, ya cire bangon da ke ɗauke da sunan Lantana, 'yar ajinsu, ya maƙala nasa.