Wanda Ya Kai Mahaifinsa Mambila

Tunda ka ce abubuwan da ke gabanka sun yi yawa, har ba ka san da wanne za ka fara ba, bari in ba ka misali.

An yi wani mai sayar da yadi a Azare, mutum mai son mahaifinsa ƙwarai, kuma mai son tsara abu, irin mutanen nan da ko suna ake yi a gidan maƙwabci sai sun faɗi inda za a shimfiɗa tabarmi. Mahaifin nasa tsohon mai fataucin shanu ne. A ƙuruciyarsa ya sha hawa tsaunin Mambila yana koro shanu, shi da wani Bafulatani amininsa mai suna Julɗe. Sun ci a akushi ɗaya, sun lulluɓa da bargo ɗaya, sannan zamani ya raba su, har kowa ya yi furfura bai sake sa ɗan'uwansa a ido ba. Ana nan sai wani direban babbar mota ya zo da labari cewa Julɗe na nan da ransa, a wata ruga bayan Gembu. Tun daga ranar tsohon ba shi da zance sai nasa. Da ɗan ya ga haka sai ya ce, "Baba, shirya, ni zan kai ka."

Ya ko shiga shiri ba wasa. Ya tambayi direbobi hanya, ya sayo rigunan sanyi, ya kama masauki tun kafin su tashi. Ya kuma bincika duk abin da baƙi ke zuwa kallo a can: gonar shayi, da kogin da ake hayewa a kwalekwale, da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, da wani tudu da aka ce idan gari ya washe ana hango ƙasar Kamaru daga kansa. A ransa cewa ya yi, duk zuwan da Baba ya yi ƙasar nan na wahala ne, a ƙafa, a bayan shanu. Wannan karon sai ya gan ta yadda masu hali ke ganinta. Ziyarar Julɗe kuwa ya ajiye ta ƙarshe, kamar yadda mai cin tuwo kan ture tsokar nama gefe sai lomar ƙarshe.

Suka hau tsauni lafiya, mota na nishi a kan kwana-kwanar hanya, gajimare na bin gilashi kamar hayaƙi. Washegari da safe, suna shan shayi, tsohon ya ce, "Da mun fara da Julɗe."

"Haba Baba, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana nan, ina za shi? Jibi in Allah ya yarda a wurinsa za mu wuni."

Tsohon ya dubi ɗansa, ya ga irin ɗawainiyar da ya yi, bai so ya watsa masa ƙasa a ido ba. Sai ya sa hularsa.

Suka zaga gonar shayi, kore shar har iyakar gani, ɗan yana ta ɗaukar hoto. Suka haye kogi suka dawo. Kashegari suka gangara wurin ruwan nan mai zubowa daga dutse. Feshinsa ya jiƙa su, iska ta busa, kafin su hauro tudu tsohon ya fara haki. Zuwa la'asar tari ya sarƙe shi, zazzaɓi ya rufe shi. Ranar da aka ware wa Julɗe sama ta ɓalle da ruwa tun asuba, hanyar ruga ta zama laka, ba abin da ke shigarta sai babur. Likitan da ya duba tsohon ya ce sanyin wurin ya fi ƙarfin ƙirjinsa, a sauka da shi ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba. Aka naɗe shi cikin bargo aka kwantar a bayan mota. Da suka zo mararrabar da ke shiga rugar, tsohon ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya koma ya kwanta. Shi kuwa Julɗe, da labari ya iske shi cewa amininsa na gari, sai ya sa aka goyo shi a babur cikin lakar nan. Ya iso masauki ya tarar har an share ɗaki.

Tsohon ya warke, amma ƙarfin doguwar tafiya bai dawo ba. Bayan damina wani direba ya kawo masa gorar man shanu da saƙon baki: "Julɗe ya ce in gaya maka ya zo, sawun motarku ya tarar." Tsohon ya buɗe gorar ya shinshina, ya daɗe riƙe da ita a cinya. Can ya juya ga ɗansa ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka." Ɗan ya sunkuyar da kai; da faɗa aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.