Masu Sauraren Ustaz Midhat

Ustaz Midhat yana cikin kabad ɗin tufafi, bargo ta hagu bargo ta dama, yana jan baitin ƙarshe, sai mai sayar da gas ya shigo layin ya hau dukan tukunyarsa da ƙarfe. Ya tsayar da na'ura, ya jira, ya koma farko. A unguwarmu ta Imbaba da haka ake naɗar waƙa.

Malamin lissafi ne a makarantar gwamnati, kuma mawaƙi ne a ganinsa. Kayan aikinsa makirufo ne da ya tsinto a kasuwar Juma'a ya sa masa safa, da tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar tanda, da kwalayen ƙwai da ya manna a ƙofar kabad. Kwamfutar ce ke yi masa kiɗa, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Ya saki waƙoƙinsa a intanet, inda duniya gaba ɗaya ta samu damar jin su. Duniya ta nuna kawaici.

Matarsa Nagwa ta gaji da ganin rigunanta suna kwana a kan kujerun falo.

"Baban Hisham, ni ban hana ka ba," in ji ta. "Amma in azumi ya kama ba a samu mutum ɗaya da ya tako da ƙafarsa ya nemi waƙarka ba, wanda ba danginka ba, ba kuma ɗalibi mai neman maki ba, makirufo ya koma kasuwa, kayana su koma mazauninsu."

Ya amince, tunda kabad ɗin cikin kayan aurenta ya zo.

Ya bi hanyar da kowa ke bi a unguwarmu. Ya kai waƙoƙin wurin mai shagon waya, wanda ke zuba wa direbobin tuktuk, babur mai ƙafa uku, kiɗa a memori, ya roƙe shi ya riƙa cusa nasa a tsakani. Direbobin suka ƙware wajen tsallake waƙa da yatsa ɗaya ba tare da sun rage gudu ba.

Watan Sha'aban ya raba tsakiya, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Wani dattijo ne da rana ta dafa wa fuska, jallabiyarsa da ɗigo-ɗigon fari a kafaɗa, ƙwayoyin masara suna zubowa daga aljihunsa. Ya ce sunansa Usta Ragab, gidansa na kusa da gidan burodi.

"Kai ne mai waƙa? Wani direba ya tsaya a ƙasan gidana, waƙarka ta shigo a lasifikarsa, shi kuma ya tafi sayen taba. Wallahi, Ustaz, na ga abin da ban taɓa gani ba."

"Wacce daga ciki, Baba?"

"Wadda kake jan murya kamar an take maka ƙafa. Ka gafarce ni, ban yi makaranta ba."

Waƙar rabuwa ce, wadda Midhat ya fi ji da ita. Ya ɗauki maganar a matsayin yabon talaka, wanda ba ya zuwa da kwalliya. Dattijon ya roƙi a yanko masa wurin jan muryar kaɗai, a jera shi sau da yawa, a ƙure ƙarar. Midhat ya ɗan ji zafin baitocin da aka bari, amma ya tuna cewa manyan mawaƙa ma da amshi ake tuna su.

Cikin mako wasu suka biyo baya, duk fuska a ƙone, duk da ɗabi'ar ɗaga kai sama ana tsakiyar magana. Usta Ragab ya dawo da sharaɗi guda: kada a bai wa Fathi na layin baya waƙar. Midhat ya daɗe yana jin labarin kishin masoya, bai taɓa zaton zai same shi a gida ba. Kullum bayan la'asar muryarsa takan taso daga saman gidaje, shi kuma ya buɗe taga ya yi kamar yana duba takardun jarrabawa.

"Kin ji ko?"

"Na ji. Har can Giza mai nisa ma an ji," in ji Nagwa. "Amma ni sai na ga mutanen nan zaune suna saurarenka da idona."

Allah ya taimake shi, Usta Ragab ya gayyace shi ya rera da bakinsa ranar Juma'a a saman gidansa, ya ce har lasifikar biki ya aro. Midhat ya sa kwat ɗin aurensa, wadda ta tuna da shi amma ta ƙi rufuwa. Nagwa ta tsaya a bakin matakala tare da matar gidan. Maza sun cika rufin, kowa da kofin shayi. Usta Ragab ya hau hasumiyar katakon da ke kusurwa, ya ɗan yi ƙwaramniya a can, sannan ya ɗaga hannu alamar a fara.

Midhat ya rufe ido ya saki murya. Ya ja ta har inda bai taɓa kai ta ba a cikin kabad. Da ya ɗan buɗe ido, babu mai kallonsa. Duk fuskokin suna sama, bakuna a buɗe, wani tsoho har yana share ƙwalla. Ya san irin wannan hali, ya karanta shi a tarihin manya. Ya saci kallon Nagwa don ta shaida, ya ƙara ƙaimi, bai tsaya ba sai da aka kira magariba.

Rufin ya kaure da kabbara. Usta Ragab ya sauko ya sumbaci goshinsa, ya juya wajen matakala.

"Madam, ki riƙe mijin nan da kyau, irinsa ba su da yawa. Shekara da shekaru ina kaɗa tuta ina fito har bakina ya bushe, don ragwayen tattabarun nan nawa su daɗe a sama, su kuwa zagaye biyu sun dawo, Fathi yana yi mini dariya daga rufinsa. Yanzu kuwa, muddin Ustaz yana waƙa, ko ɗaya ba ta yarda ta sauko."