Mashayin Aro

Na karkace hula, na yi tangaɗi, har na ture kujera. Sababbin masu bincike nake koya wa hira da mashayin giya, kuma ni ne mashayin. Ni da abin da ya fi shayi ƙarfi bai taɓa wucewa ta maƙogwarona ba.

Kowa ya yi dariya, ban da wata ɗaliba.

"Malam, gishirin ya yi yawa," in ji ta. "Na gaske turare yake fesawa, ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai."

"A wane littafi kika gani?"

"A ƙofar gidanmu. Zauna in gwada da kai, Malam. Baba nake son tambaya, ban san ta inda ake farawa ba."