Filin da Ke Tsakanin Gonaki Biyu

Vandi ya kai wa maƙwabcinsa Jibrilla sara da adda a wuya, jini ya wanke kunyoyin masara. Tun dawowarsu Vimtim daga gudun hijira suke rigima kan wani siririn fili marar mai shi, wanda sabuwar taswira ta nuna tsakanin gonakinsu.

Kafin a kai shi asibiti a Mubi, Jibrilla ya cika.

'Yan sanda suka kama Vandi, suka kira Jessica, wadda ta zana taswirar a kwamfuta. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Iyakarku ɗaya ce, mai lanƙwasa," ta ce wa Vandi. "Wajen zane a kwamfuta aka miƙe layin gonarka daban, na gonarsa daban, maimakon tare. Shi ne layukan suka rabu a taswira, suka bar tazara a tsakani."

"To filin fa, na waye?"

"Baba, babu wani fili a wurin."