Allurar Wata Uku

Muftahu ne ke kula da kalandar da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsu a unguwar Nima, cikin birnin Accra. Da jan biro yake zagaye kwanakin da likita ya ce mace ta fi saurin ɗaukar ciki. Da shuɗi kuma yake zagaye ranar allurar matarsa Humaira, sau ɗaya duk wata uku.

Shekara shida da aurensu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Shi dai bai tsaya ɗora mata laifi ba. A shekara ta biyu ya hau trotro, motar haya, shi kaɗai zuwa wani asibiti a Adabraka, ya haɗiye kunya ya ba da abin da aka ce ya bayar. Likita ya ce ƙwayoyin maniyyinsa ba su da yawa, amma ana iya gyarawa: ya bar sigari, ya daina sa matsattsen wando, ya nisanci zafi.

Zafin nan shi ne sana'arsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake tsaye gaban tukubar cicinga, wato tsire, da babansa ya bar masa a bakin babban titi. Ya miƙa wa wani tukubar, ya koma dakon doya a kasuwa. Da aka sake gwaji bayan wata takwas, likita ya kama hannunsa ya ce yanzu komai ya daidaita.

Ya dawo gida da gudu-gudu. Humaira ta karanta masa takardar, don shi Turancinsa na baka ne. Ta yi murmushi, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe.

Dama ita ce mai takardu a gidan. Ko gwajin jinin da liman ya sa suka yi kafin ɗaurin aure, ita ta je ta karɓo, ta ce masa lafiya lau.

Matsalarta, in ji ta, al'ada ce da ba ta tsayawa kan ƙa'ida, shi ya sa ake mata allura a wani ƙaramin asibiti a Maamobi. Wani lokaci sai ta yi wata huɗu ba ta ga jini ba. Sau uku Muftahu yana fara tunanin ragon suna. Sau uku ana yin awo a ce babu komai.

Bai taɓa bari ta tafi ita kaɗai ba. Yakan raka ta har ƙofa, ya zauna kan benci cikin mata masu goyo, yana kallon yatsun jariran mutane har ta fito.

A gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu ba a ɓoye irin wannan. Mata na yin shiru idan Humaira ta zo famfo. Mahaifiyar Muftahu tana aiko da rubutu da sassaƙe a galan, Humaira ta shanye duka ba ta ko yatsine fuska. Dabino, aya, zuma, duk abin da ya kawo ci take yi. Ta ƙara ƙiba, ta rage magana.

Abin da ke ci masa rai shi ne ya san irin uwar da za ta zama. Ita ta yi jinyar ƙaninta Jalilu tun yana yaro. Duk damina, idan ciwon ƙashi ya murɗe shi yana ihu, ita ke gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi, ta goya shi zuwa asibiti, har yana ɗan shekara sha biyar. Ya rasu wata biyu kafin bikinsu. Macen da ta iya wannan, me zai hana Allah ya ba ta nata?

“Zai zo,” yakan ce mata. “Mun kusa.”

Ita kuma takan riƙe hannunsa da ƙarfi.

A ranar Talatar da shuɗin biro ya zagaye, Humaira ta tashi da zazzaɓin cizon sauro. Ta yi ta ƙoƙarin ɗaura kallabi tana cewa dole ta je, sai jiri ya mayar da ita gado. Ya ba ta magani, barci ya ɗauke ta.

Muftahu ya tsaya gaban kalanda. Shekara da shekaru ba su taɓa tsallake rana ba. Idan rashin allurar yau ya rushe duk abin da aka gina fa? Ya zura takalmi ya kama hanyar Maamobi da ƙafa, yana ratsa lunguna, yana tsallake kwata.

Wannan karon bai zauna kan benci ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da yake ganin tana shiga. Nas ɗin, Anti Mariam, ta gane shi nan take.

“Bra Muftahu! Ina madam?”

“Ba ta da lafiya, Anti. Yau ce ranar allura. Ina tsoron kada lattin ya ɓata mana aiki.”

Anti Mariam ta jawo katin Humaira ta duba, ta girgiza kai cikin jin daɗi.

“Wallahi kullum ina ba da misali da kai. Da duk miji da mata masu ɗauke da jinin sikila irinku za su haɗa kai haka, da an rage wahalar yara.”

Ya buɗe baki zai ce katin wata matar ta ɗauko, sai ta dafa tebur tana murmushi.

“Je ka yi jinyarta da kwanciyar hankali. Allurar nan tana da ƙarfi, ko ta makara da sati biyu ba za ta ɗauki ciki ba.”